Saurayin Da Bai Taɓa Riƙe Hauya Ba

Duk wanda aka yi wa zancen littattafan soyayya, Kano zai fara dubawa, kuma bai yi laifi ba. A can ake buga su, a can ake sarinsu, daga can ake ɗora kwalayensu a motocin da ke bazuwa cikin Arewa. Sai dai in mutum ya bi sawun waɗanda suka fi tayar da ƙura a kan littattafan nan a shekarun 1990, zai ga sawun ya yi yamma, ya bi ta Gwarzo da Dayi, ya faɗo ƙasarmu ta auduga da masara. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda masu karatu ke kira Anti Bilki, daga Funtuwa take rubuta littattafan da 'yan mata ke rububi tun daga Sakkwato har Maiduguri. Malamin jami'ar da ya fi kowa yi wa littattafan tatas, wanda ya laƙaba musu sunan Adabin Kasuwar Kano, shi ne Ibrahim Malumfashi. Ɗan jaridar da ya shimfiɗa wa muhawarar tabarma a shafinsa na adabi a jaridar New Nigerian kuwa, Ibrahim Sheme, mutumin ƙasar Faskari ne. Mai rubutu da mai suka da mai ba da fili, garuruwansu duk mota ɗaya za ta zaga su kafin azahar.

Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yankin da ya ba wannan adabi irin waɗannan mutane, shi kansa bai samu shiga cikin labaran ba. Na karanta littattafan nan tun ina makarantar kwana, ina kuma leƙa na yanzu da ke yawo a waya, amma ban taɓa cin karo da saurayin da jaruma ke mutuwar so wanda sana'arsa noma ce ba. Likita na nan, soja na nan, ɗan kasuwa da matuƙin jirgi da ɗan sarki duk suna nan. Wanda ya noma masarar da aka sayar aka ba yarinya kuɗin hayar littafin, shi ne babu.

Soyayya ba baƙuwa ba ce a rubutun zube na Hausa. Cikin littattafan farko da hukumar talifi ta Zariya ta fitar a shekarun 1930 akwai Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, kuma ƙashin bayansa shi ne abin da har gobe ake rubutawa: saurayi na son yarinya, mai kuɗi ya zo ya ɗauke ta. A 1980 kamfanin NNPC ya buga littattafan da suka ci gasarsa, cikinsu akwai Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, labarin Bafulatanar da ta so wanda ba na gida ba. Amma waɗannan littattafan kamfani ne, an tace su, an kai su aji. Ambaliyar ta zo ne bayan haka, kuma abu biyu suka kawo ta. A 1976 aka buɗe ƙofar firamare kyauta ga kowa, yaran da suka shiga a lokacin suka zama samari da 'yan mata a tsakiyar shekarun 1980, sun iya karatun boko da Hausa, ba su da abin karantawa. A 1986 kuma gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka tattara suka koma kan littattafan makaranta. Sai matasa suka ɗauki rubutunsu suka nufi ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed na cikin waɗanda suka share hanya, Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, ƙungiyar Raina Kama ta kafu a Kano, daga nan babu mai iya ƙirga su.

Mu a nan ba saye muke yi ba, haya muke ɗauka. Akwai masu tebur a bakin tasha da cikin kasuwa, littattafai jere, sirara, an raba kowane labari kashi biyu ko uku don a ci kuɗin mai karatu sau uku. Littafin da ya yi farin jini sai an yi masa bango da tsohuwar kalanda, in ba haka ba mako guda ba zai kai ba. A makarantar kwana littafi ɗaya kan zaga ɗakin kwana gaba ɗaya, a karanta da tocila a ƙarƙashin bargo, in metiron ta kama ta ƙwace, kuma mun sha zargin ita ma karantawa take yi kafin ta kai ofis. A cikin gari kuwa matan kulle ne manyan masu ciniki. A aiki ƙane ko almajirin gida ya karɓo, wadda ta yi firamare ta zauna ta karanta a bayyane, saura na ɓarar gyaɗa suna saurare, ana tsayar da ita ana tsine wa kishiyar cikin labari. Wanda ba shi da ko wannan, Rediyon Kaduna na karanta masa a shirin Shafa Labari Shuni. Mata nawa ne aka cire daga makaranta a aji shida, karatunsu bai zube ba saboda waɗannan littattafan? Wannan alheri ne da ko masu suka ba su iya musantawa ba.

Zaren labarin a wancan zamani sananne ne, kuma auren dole ne uban tafiya. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990, Sumayya 'yar masu hali ce, Muhammad talaka, aka nace sai ta auri mai kuɗi, ta faɗa rijiya. Iyaye suka yi ca, aka ce littafi na koya wa yara kashe kai. Su kuwa 'yan mata abin da suka gani daban: sun ga an rubuta a takarda, baƙi a kan fari, cewa yarinya na da zaɓi. Bayan auren dole sai kishiya, sai uwar miji mai bin bokaye, sai marainiyar da matar uba ke gallaza wa, sai jaririn da aka musanya ko aka tsinta wanda a ƙarshe za a gano ɗan manya ne. Kayan haɗin ɗaya ne, irin na miyar kuka, hannun mai girki ne ke bambanta.

A nan ne kaɗai manomi ya samu shiga, kuma ta ƙofar baya. A Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba, 1990, an cire Abu daga makaranta tana 'yar shekara goma sha uku, aka aurar da ita ga wani dattijo, kuma sarautar dattijon nan Sarkin Noma ce. Ta gudu, ta shiga birni, ta yi karatu, ta zama mutum. Balaraba ta san abin da take faɗa, domin ita kanta an yi mata aure tana ƙarama, kuma littafin na cikin mafi ƙarfin abin da aka rubuta a wancan zamani. Amma a duba inda aka ajiye gona a labarin. Gona ita ce wurin da ake tserewa daga gare shi, mai gona shi ne tsohon da ake kai wa yarinya tana kuka. Wannan hoton ya zauna daram, bai tashi ba har yau.

Anti Bilki ta bi wata hanya, kuma ita ce ta fi shiga jikinmu, wataƙila don mun san a garinmu take. Allura Cikin Ruwa ya fito a 1994, Wa Ya San Gobe? a 1996, Ki Yarda Da Ni a 1997, wanda daga baya aka mayar da shi fim. Jarumanta ba masu ɗaga murya ba ne. Suna da addini, suna da kunya, suna da kyau, sun iya girki da kwalliya, kuma marubuciyar ba ta jin nauyin tsayar da labari ta yi wa mai karatu huɗuba a kan tsafta da kula da miji. Ba ta ce kada a yi kishiya ba, cewa ta yi a yi adalci. Wani manazarci Ba'amurke, Novian Whitsitt, ya yi rubutu a kanta a 2003 ya kira abin da take yi tawaye mai taka-tsantsan, kuma ya yi gaskiya. Tawayen yana ɓoye ne a wuri ɗaya: jarumarta sai ta yi karatu. Za ta shiga jami'a, ta fito likita ko lauya ko babbar ma'aikaciya, kuma miji nagari a duniyar Anti Bilki shi ne wanda ya tsaya mata har ta gama. Dukiya na nan birjik a littattafan, gidaje da motoci da tafiya ƙasashen waje, ba zan ɓoye ba. Sai dai yarinya ba ta shiga wannan daula hannu rabbana. Da takardarta take shiga.

Na ga tasirin wannan da idona. A zamaninmu ne ya zama ruwan dare yarinya ta kafa wa saurayi sharaɗi a wurin zance, cewa in an yi aure za ta ci gaba da makaranta, shi kuma ya ɗauki alkawari a gaban manya. Wasu sun cika, da yawa sun saɓa tun kafin lalle ya goge. Ba na cewa littafi kaɗai ya kawo wannan, akwai makarantun Islamiyya na matan aure da suka bazu a lokacin, akwai makarantun 'yan mata irin na Bakori da Malumfashi da ke yaye ɗalibai kowace shekara. Amma littafin ne ya ba yarinya kalmomin da za ta faɗi buƙatarta ba tare da an ce ta yi rashin kunya ba.

Shi kuwa Malam Ibrahim Malumfashi, tun farkon shekarun 1990 ya ɗaura ɗamara. Ya kwatanta littattafan da 'yan ƙasidun kasuwar Onitsha da suka yi tashe a Kudu suka shuɗe. Ya ce babu edita, babu ƙa'idar rubutu, labari ɗaya ake ta juyawa, rabinsa kuma wankiyar finafinan Indiya ne, kuma abin da aka gina a kan kasuwa, kasuwa ce za ta binne shi. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu suka mayar masa da martani, aka kwashe shekaru ana gwabzawa a jaridu, har Malam ya kai ga yi wa adabin jana'iza a rubuce. Yanzu da ƙura ta lafa, ana iya raba gardama. A kan ingancin aiki yana da gaskiya, kuma gaskiyarsa ta ƙaru, domin wanda ya ga yadda ake rubuta Hausa a waya yau zai yi kewar kurakuran 1995. A kan Indiya ma bai yi ƙarya ba. Tun zamanin da 'yan Lebanon ke riƙe da gidajen silima Bahaushe ke kallon finafinan nan, kuma ya ga kansa a ciki: iyaye masu iko, auren haɗi, so tsakanin mutum uku. Inda lissafinsa bai ci ba shi ne mutuwar. Ya duba takarda da tawada ya ga ba za su ɗore ba, ba su kuwa ɗore ba. Amma ƙishirwar da ta sa aka rubuta su tana nan, sai dai ta sauya ƙwarya. Ta fara komawa fim, inda marubuta da dama suka bi ta bayan Turmin Danya na 1990 ya buɗe kasuwar bidiyo, shi ma Sheme ya kafa mujallar Fim a 1999. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta tara littattafai ta cinna musu wuta a Kano, daga baya hukumar tace finafinai ta ce marubuta su ma sai sun zo an tace su. Wutar ba ta kashe komai ba. 'Yan shekaru kaɗan bayan haka waya mai intanet ta shiga hannun kowa, labarin ya koma inda babu ashanar da za ta kai.

Yau mai tebur na bakin tasha ya koma sayar da caja da gilashin waya. Littafi yana Wattpad, yana Facebook, yana manhajar ArewaBooks, amma babbar kasuwarsa WhatsApp ce. Marubuciya za ta saki shafukan farko kyauta, in labari ya kai inda numfashi ke tsayawa sai ta rufe, ta ce mai son ci gaba ta turo 'yan ɗaruruwan naira ta banki ko katin waya a sa ta a guruf. Kullum dare ana jiran sabon shafi. Wadda ba ta iya karatu ba, ko idonta ya gaji, akwai masu karantawa a YouTube, ta sa abin ji a kunne tana wanke-wanke. Wannan ya ba mata da yawa sana'a daga cikin ɗakinsu, ba su roƙi ɗan kasuwar Kano ya karɓi littafinsu ba, ba su jira ya biya su kuɗinsu a guntu-guntu ba. Ɓarayin da ke kwafe littafin kuɗi su watsa kyauta su ne ciwon kansu, shi ya sa kusan kowane shafi ke farawa da Allah ya isa.

Auren dole bai ɓace daga labaran ba, amma ya juya baya ya zama gaba. Da, yarinya ce ke da masoyi talaka, ana tilasta mata mai kuɗi, labari kuma yana bayanta. Yanzu wanda aka tilasta mata shi ne jarumin. Miskili ne, ba ya dariya, ba ya amsa gaisuwa, magana ɗaya sai an yi sa'a. Ko babban soja ne, ko mai kamfani a Abuja, ko ɗan sarki da ya yi karatu a Ingila. Sau da yawa yayanta ne na dangi, kakarsu ce ta haɗa auren, shi kuma yana da wata wayayyiya da yake so. Ita kuwa 'yar ƙauye ce, ko 'yar aikin gidansu, ko wadda aka yi auren yarjejeniya da ita na wata shida don a cika wa wani tsoho burinsa. Zai wulaƙanta ta, ya hana ta shiga ɗakinsa, ya kira ta baƙauya. Sai a kai ta wurin wata anti a yi mata gyaran jiki, a koya mata girkin zamani da tafiya da kallo. Ranar da ya gan ta a wurin wani biki bai gane ta ba. Daga nan sai kishi, sai ciwo, sai asibiti, sai durƙuso da neman gafara, sai Dubai.

Wannan miskilin ba Bahaushe ne ya ƙirƙiro shi ba. Yayunmu da suka yi sakandare sun san shi a littattafan Mills & Boon, yana cike da Wattpad da harsuna iri-iri, yana cikin jerin finafinan Indiya da na Koriya da na Turkiyya da ake fassarawa ana kallo a kowane gida. An dai sa masa shadda da hula zanna, an ba shi kaka mai faɗa a ji. Abin tambaya shi ne me ya sa ya samu gindin zama a nan, a wannan lokaci, har ya ture mijin Anti Bilki mai biyan kuɗin makaranta.

Manya in suna kuka da littattafan yanzu, batsa suke ambata, kuma tana nan, wasu marubutan ma da ita suke talla. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai wani ne. Akwai labarai da yawa da jarumi ke fara mu'amala da jaruma ta hanyar mari, ko kulle, ko ma fyaɗe, sannan a shafe shafuka ɗari ana wanke shi har mai karatu ta ji shi take so. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar da ta karanta irin wannan goma ta koyi cewa wulaƙanci ƙofar so ne, haƙuri kuma shi ne makulli. Balaraba ta rubuta irin wannan daren na farko, amma ta rubuta shi a matsayin zalunci, ta sa yarinyar ta gudu. Tsakanin rubutun nan biyu akwai tafiya mai nisa, kuma ba gaba aka yi ba.

Duk da haka ba zan ce tarbiyya ce ta lalace ba, amsar ta fi haka ɗaci. A 1996 in aka ce wa yarinya karatu zai fitar da ita, tana da shaida a unguwa: ga malamar asibiti, ga malamar makaranta mai albashi da mashin ɗinta. Yarinyar yau tana da yaya mai digiri da ke tuƙa Keke Napep, da anti mai takardar NCE da ke koyarwa a makarantar kuɗi a kan albashin da bai kai kuɗin buhun masara ba. Masaƙun Kaduna da ke shanye audugarmu sun rufe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000, ta Funtuwa na cikin 'yan tsirarun da suka rage, farin zinaren da ya gina garin ya ja baya. Sannan ga abin da ya fi duka. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, gwamnati ta rufe makarantun kwana, iyaye da dama a Faskari da Sabuwa da Dandume suka ga aurar da yarinya ya fi tura ta inda ba su san ko za ta dawo ba. Wadda ta tashi a cikin wannan, in ta rufe ido ta yi mafarkin tsira, ba takardar shaida take gani ba. Namiji take gani mai katanga mai tsawo da sojoji a ƙofa. Ba mamaki da jarumin ya zama soja.

Kuma yanzu mai karatu ce ke riƙe da alƙalami. Da, marubuciya kan gama littafinta kafin kowa ya gani. Yau tana rubutawa ana sharhi a ƙasa, a ce mata kada ta kuskura ta raba su, a ce wahalar da ya sha ba ta isa ba a ƙara masa, a ce in ta kashe wance za a fita daga guruf. Wadda abincinta ke hannun masu sharhi ba za ta yi musu gardama ba. Shaidar cewa matan nan sun iya rubuta wani abu daban ita ce gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016. Labarin da ya zo na ɗaya a shekarar farko, na Aisha Muhammad Sabitu, a kan sansanin 'yan gudun hijira yake, kuma tun daga nan labaran da ke fitowa a gasar cike suke da zawarci da talauci da garkuwa da mutane. Hannun ɗaya ne, mai biya ne ya bambanta.

A Satumbar 2021 gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina don yaƙi da 'yan bindiga, cikinsu har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, ba a mayar ba sai a Disamba. 'Yan kasuwa sun yi kuka, masu 'yan uwa a nesa sun yi kuka, amma akwai wani kukan da ba a kai gidan rediyo ba, na waɗanda aka yanke musu labari a tsakiya. Duk wanda zai yi tafiya wajen Zariya sai an haɗa shi da waya ya sauko da shafukan da aka rasa, a dawo a rarraba ta Xender. Na ga 'yan mata huɗu sun haɗa kai a kan waya ɗaya, ɗaya na karantawa a bayyane. Rabon da in ga haka tun zamanin ɓarar gyaɗa.

To, a koma kan manomi. Soyayyar da ake yi a wannan yanki tana da kalandarta, kuma kalandar gona ce. Da damina saurayi ba ya zance mai tsawo, ya gaji, kuɗinsa kuma yana cikin ƙasa. Alkawari duk na kaka ne: in an girbe, in an kai masara Dandume ko Bakori, in waken suya ya yi daraja, in tumatirin Danja bai faɗi ba, za a kai kuɗin gaisuwa, a sa rana, a haɗa lefe. Tsadar taki na iya ɗage aure shekara guda. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin akwati da atamfa da gadon da uban yarinya zai saya sun yi tashin da ya raba masoya da yawa ba tare da wata muguwar uwar miji ta sa hannu ba. Akwai saurayin da gonarsa ke bakin daji, shekara uku bai taka ta ba. Akwai wanda ya tara kuɗin lefe cif, aka ɗauke mahaifinsa, kuɗin suka tafi fansa, yarinya kuma ga wani ya fito, iyayenta ba mugaye ba ne, su ma nauyi suke son saukewa. Akwai wadda aka sa mata rana, garinsu ya watse, ita tana Funtuwa a gidan dangi, shi yana Legas yana acaba, waya ce kawai tsakaninsu. Duk abin da marubuci ke nema yana nan: so, da cikas, da jira, da abokin takara, da zaɓin da kowane ɓangarensa ciwo ne. Tsohon zaren Jiki Magayi ne, sai dai mai raba masoyan yanzu ba attajirin gari ba ne.

Na taɓa faɗa wa 'yar ƙanena haka, wata mai cinye littafi a dare ɗaya, wadda ita ma ta fara ɗan rubuce-rubuce tana turawa ƙawaye. Na ce mata ga labari a ƙofar gida, me ya kai ta Abuja, garin da ba ta taɓa zuwa ba? Ta saurare ni har na gama, don tana da ladabi. Sannan ta ce, “Gwaggo, wallahi na san labaran nan, na fi ki saninsu, ƙawata ce aka fasa aurenta bara. Amma wa zai cire ɗari biyar ɗinsa ya sayi abin da yake gani kyauta kullum? In na sa shi manomi, tambayar farko da za a yi mini a guruf ita ce yaushe za a gano ɗan gwamna ne.”

Na ce to ta sa shi babban manomi mana, mai tarakta da rumbuna da tireloli, ai muna da su a Funtuwa, wasu sun fi masu kamfanin Abujan kuɗi. Ta yi dariya ta ce ta taɓa gwadawa, sai da ta mayar da gonar Ostareliya sannan aka ci gaba da karantawa.